ITATUWAN DAJI DA DOKAR ƘASA: Darasi Domin Ekklesiyoyin Karaye da Rogo

Kafin a fara wannan darasi, sai mai koyarwa ya sa a karanta Farawa 1:11-13 da 2:8-15, da Kubawar Shari'a 20:19-20, da Nehemiya 2:7-8. Manufarmu ita ce mu gane dalilin da ya sa ƙasa ta ke bukatar doka mai ƙarfi domin tsaron tsire-tsiren da ba wanda ya shuka, mu kuma san irin dokar da za ta yi aiki a gonakinmu.

1. Abin da Allah ya shuka da kansa

'Yan'uwa, cikin labarin halitta Allah ya umurci ƙasa ta fid da ciyayi da ganyaye da itatuwa tun a rana ta uku. Mutum kuwa sai a rana ta shida aka yi shi. Watau kafin a sami manomi an riga an sami tsiro. Kowane tsiro kuma an ba shi irinsa a cikinsa domin kada zuriyarsa ta yanke. Da Allah ya sa Adamu cikin gonar Adnin, aiki biyu ya ba shi: ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Mu mun riƙe aiki na fari da hannu biyu. Na biyun ne mu ke yi wa sakaci.

Duba ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, wajen iyakar Katsina da Kaduna. Ƙasa ce mai albarka, ta fi arewacin Kano samun ruwan sama. Muna shuka dawa da masara da rake da shinkafa. Amma akwai wata gona ta biyu wadda ba mu taɓa ɗaukar fartanya dominta ba. Ɗorawa ta ba mu gari, ta ba mu kalwa ta daddawa, ta ba mu makuba ta daɓe. Kuka ta ba mu miya da igiya. Kaɗanya ta ba mu man kaɗe. Ɗinya ta ba mu maɗi da tawada. Ƙirya ta ba maƙeri gawayi, ta ba uwargida turmi da taɓarya. Marke ya tallafi ɗakunanmu. Gawo ya kan zub da ganyensa da damina domin dawa ta sami rana da taki, da rani kuma ya ciyad da bisashe. Ga kanya da tsamiya da taura da tsada da gwandar daji, abincin yara da makiyaya.

Kada mu manta da ƙanana. Gamba ce zananmu. Tafasa da yaɗiya sun riƙe cikin mutane da yawa a yunwar 1973 da ta 1984, sa'ad da rumbuna suka zama wofi. Saiwar sanya, wadda a ke kira uwar magunguna, da ɓawon maɗaci da na hano suna cikin jakar kowane mai magani. Wani likita mutumin Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya fara aikin mishan a ƙasar Sin kafin ya zo Nijeriya ta Arewa, ya tattara sunayen tsire-tsire da Hausa ya buga su a littafi cikin 1916. Abin da ya rubuta daga bakin kakanninmu ya ji shi. Ashe sun san dukiyarsu ɗaya ɗaya da sunanta.

2. Ciwon da ba ya yin ƙara

Ga wani gwaji da kowa zai iya yi. Gobe in ka tafi gona, ƙidaya manyan ɗorawa da kaɗanya da ka gani a hanya. Sa'an nan ƙidaya ƙanana, waɗanda ba su fi tsawon mutum ba. A wurare da yawa za ka tarar tsofaffi suna nan tsaye, 'ya'yansu kuwa babu. Gari mai tsofaffi wanda ba a haihuwa a cikinsa, ai kufai ne da bai san kansa ba.

Dalilai ba ɓoyayyu ba ne. Mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, an bar al'adar saura. Dā a kan bar gona ta huta shekaru, cikin hutun nan ne 'yan itatuwa su ke samun tashi. Yanzu garmar shanu da ta tarakta ba ta barin ko tsiro ɗaya. Birnin Kano yana cin itace da gawayi kowace rana, motoci kuwa suna bin ƙauyuka suna kwasa. Gobarar daji ta kan ƙone abin da ya tsira daga bakin awaki. Masu neman magani domin kasuwa su kan tone saiwa duka, ko su saɓule ɓawo kewaye da ice har ya bushe. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama cikin 1992 a ƙasar Karaye, ta kawo kifi da noman rani, abin godiya ne. Amma inda ruwa ya kwanta da inda aka share domin lambu, tsire-tsiren fadama sun ba da wuri.

Abin lura shi ne jinkirin itace. Masara wata uku ko huɗu ta nuna. Kaɗanyar daji kuwa ta kan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya. Gatari ya kan ka da ita da hantsi ɗaya. Wanda ya sare ya sami kuɗin mako guda; matan gidansa sun rasa man kaɗe na tsawon rayuwarsu.

Wannan ciwo ya game duniya. Cikin 2020 masanan lambun Kew na ƙasar Ingila suka ba da rahoto cewa wajen iri biyu cikin kowane iri biyar na tsire-tsiren duniya suna cikin haɗarin ƙarewa. Irin da ya ƙare kuwa, ba gwamnati ko boka da zai komo da shi.

3. Allah ya kafa wa itatuwa doka

Wani zai ce, in mutane suna tsoron Allah, ina amfanin doka? Sai mu duba abin da Allah ya yi da jama'arsa Isra'ila. Ya san zuciyar mutum, saboda haka ya rubuta umurni.

Cikin Kubawar Shari'a 20 an hana mayaƙa sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin da suka kewaye birnin maƙiyi da yaƙi. Cikin Littafin Firistoci 19:23-25 an hana cin 'ya'yan sabon itace shekara uku. Na shekara ta huɗu na Ubangiji ne. Sai a ta biyar mai shi zai ci. Cikin Fitowa 23:10-11 an ce ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, abin da ya tsiro da kansa ya zama na matalauta, ragowar kuma ta namun jeji. Lura da kyau: abin da ya tsiro da kansa rabon talaka ne. Da Isra'ila suka ƙi biyayya, II Labarbaru 36:21 ya nuna mana ƙasa ta karɓi hutunta da ƙarfi, shekara 70, suna can cikin bauta.

Labarin Nehemiya kuma yana da koyarwa. Ganuwar birnin Allah zai gina, ba aikin da ya fi wannan tsarki. Duk da haka bai shiga kurmin sarki da gatari ba. Ya roƙi takarda zuwa ga Asaf, mai tsaron kurmin. In mai ginin Urushalima ya nemi izini wurin malamin daji, wane ne mu da za mu ce aikin ekklesiya ya ba mu damar sara ba tambaya?

4. Dokokin da Nijeriya ta ke da su

A zamanin Turawa, dokar daji ta 1937 ta ba En-E ikon keɓe gandun daji da hana saran waɗansu itatuwa sai da takarda. Dajin Falgore a kudancin Kano ya fara da sunan gandun Kogin Kano cikin shekarun 1940, aka mai da shi wurin tsaron namun daji cikin shekarun 1960. Cikin 2020 Gwamnatin Tarayya ta sa shi cikin wurare 10 da ta yarda a mai da su gandun daji na ƙasa. Kusa da mu kuma akwai dajin Dansoshiya a ƙasar Kiru.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki cikin 1975, domin lura da cinikin dabbobi da tsire-tsire masu ƙarewa tsakanin ƙasashe. Cikin 1985 aka kafa doka ta 11 domin cika wannan alkawari, aka gyara ta cikin 2016 aka ƙara tara. Amma ƙarfinta a kan dabbobi ya ke. Cikin 1987 aka buɗe ma'ajiyar iri ta ƙasa a Ibadan. Cikin 1994 Nijeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Rio ta 1992 a kan kiyaye halittu iri iri. An yi manufar daji ta ƙasa cikin 2006, aka sabunta ta cikin 2020. Cikin 2015 aka kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa domin jihohi 11 na bakin hamada, har da Kano.

Takardu ke nan da yawa. To, yaya aikinsu? Labarin madobiya ya isa amsa. Madobiya itace ce mai jan ciki, Fulani suna ciyad da shanu da ganyenta da bazara. Wajen 2013 'yan kasuwa suka fara kwasarta zuwa ƙasar Sin domin kujerun masu kuɗi. Aka share ta a dazuzzukan Kogi da Taraba da Adamawa. Daga Janairun 2017 CITES ta sa ta cikin itatuwan da ba a fitarwa sai da shaidar cewa saran ba zai ƙare iri ba. Cikin shekaran nan ƙungiyar bincike ta EIA ta ba da rahoton gungume fiye da 1,400,000 da suka fita daga Nijeriya ba bisa ƙa'ida ba. Cikin 2018 aka dakatad da cinikin madobiya daga Nijeriya, amma ɓarna ta riga ta auku. Cikin 2022, a taron Panama, aka ƙara maɗaci da kawo cikin wannan jeri. Cikin Agustan 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida.

Ga inda bango ya tsage. Waɗannan dokoki suna tsaron bakin teku da gandun daji. Amma ɗorawar Karaye da ɗinyar Rogo ba jirgi za su shiga ba, ba kuwa cikin Falgore su ke ba. A gonar Malam wane su ke, da bakin rafi, da burtali. Ikon ƙasa da na daji yana hannun gwamnatin jiha, malamin daji ɗaya kuwa ba zai iya gadin gonaki dubu ba. Mai gadin da ke kwana kusa da itacen shi ne mai gona.

5. Darasi daga Maraɗi

'Yan'uwanmu Hausawa na Jamhuriyar Nijar sun bi wannan hanya tun gabanmu. Ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo. Daga baya, dokar Faransawa ta 1935 da dokar daji ta 1974 suka mai da itatuwa dukiyar gwamnati. Manomi na iya shan tara saboda reshen itacen da ke cikin gonarsa. Me ya faru? Manomi ya ga ɗan tsiro ya zama masa jan magana, sai ya tumɓuke shi tun malamin daji bai gani ba. Doka ta yi tsanani, ƙasa kuwa ta yi sanƙo.

Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda ya sha wahalar dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa 'yan kurmin da a ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturen itatuwa masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. In aka zaɓi toho mai ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, aka datse sauran, aka tsare shi daga wuta da dabbobi, sai ya zama itace da sauri, gama saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani.

A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa da yawa. Da abinci ya ƙare, aka sare mafi yawansu. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: itacen wuta, da abincin dabbobi, da raguwar iska mai binne shuka. Ma'aikatan daji na yankin kuma suka sassauta, suka bar manomi ya mori abin da ya rena. Daga nan maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Dokar daji ta 2004 ta ƙara wa jama'a iko, cikin 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka musamman mai tabbatar da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da suka farfaɗo, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ga koyarwa guda biyu. Tsoron tara shi kaɗai bai tsare itace ba, rabon abinci shi kaɗai ma bai tsare ba. Abin da ya tsare shi ne tabbacin manomi cewa abin da ya rena ba za a ƙwace masa ba, ɓarawo kuma ba zai sare shi ya tafi salin alin ba. In Maraɗi mai ƙarancin ruwa ta iya, balle Rogo.

6. Abin da ya kamata mu roƙa wurin masu mulki

Romawa 13 ta koya mana mai mulki bawan Allah ne domin amfaninmu, I Timothawus 2 kuma ta ce mu yi masa addu'a. Wanda ya ke biyayya yana da bakin ba da shawara cikin ladabi. Ga abubuwa shida:

Na ɗaya, a yi doka mai jerin tsire-tsiren da a ke tsarewa, manya da ƙanana, da sunayensu na Hausa, a karanta ta a rediyo da kasuwa da ƙofar dagaci.

Na biyu, a rubuta a fili cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya yi sassabe ya mora, amma kada a ka da mai 'ya'ya sai da izini da renon waɗansu a madadinsa.

Na uku, a tsare haƙƙin mata da gwauraye da marasa gona na tsintar kalwa da kaɗanya da ganye, a kuma riƙa jin bakinsu kafin a yanka daji a raba.

Na huɗu, a sa ƙa'ida mai ƙarfi a kan manyan dillalan gawayi da katako, a kuma sauƙaƙa wa talaka murhu mai cin itace kaɗan. Ba daidai ba ne a kama tsohuwa da ƙunshin ƙirare a bar babbar mota ta wuce.

Na biyar, wuraren renon dashe na gwamnati su riƙa renon ɗorawa da kuka da ɗinya da maɗaci. Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, turare kuma daga Ostareliya. Suna ba da inuwa da itace, amma ba a daddawa da su.

Na shida, a ƙara malaman daji, a biya su a kan kari domin kada yunwa ta sa su karɓi toshi, a kuma haɗa su da hakimai da dagatai da masu unguwa da ardo. Tun 2024 Karaye da Rogo su ne ƙasar Masarautar Karaye. Maganar sarki a kan itatuwa za ta isa inda takardar Abuja ba ta isa ba.

7. Aikin ekklesiya

Ba za mu roƙi dokar da mu kanmu ba mu kiyaye ba. Filin majami'a da maƙabarta da gonar ekklesiya su zama wuraren da a ke ganin 'yan itatuwan ƙasarmu suna girma. Kowane magidanci ya zaɓi toho a gonarsa bana, ya sa masa alama kafin a shiga huɗa, ya faɗa wa 'yan ƙwadago kada su taɓa. Zumuntar mata su tara irin ɗorawa da kuka da tsamiya a lokacinsu. Malaman Lahadi su kai yara wurin tsofaffi su koyi sunayen tsire-tsire da amfaninsu. Sulemanu mai hikima ma ya yi zancen itatuwa tun daga manya na Lebanon har ɗan tsiron jikin bango (I Sarakuna 4:33). Mai ɗiban magani ya ɗebi ɓawo a gefe ɗaya, ya bar saiwa ta tsakiya, ya mai da ƙasa.

Wannan kuma aiki ne da za mu yi kafaɗa da kafaɗa da maƙwabtanmu Musulmi da Fulani makiyaya, gama inuwa ba ta tambayar addinin mai zama, gobara ma ba ta tambaya. In suka ga Kirista ya ƙi kuɗin mai gawayi saboda tsoron Allah, wa'azi ne wanda ba a bukatar a fassara.

Misalai 13:22 ya nuna mana mutumin kirki ya kan bar wa jikokinsa gādo. Kukar da mu ke cin miyarta yau, wani ne ya ga ƙaramin tsiro ya janye fartanyarsa, bai kuwa san sunanmu ba. Duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne, mu wakilai ne, wakili kuwa za a tambaye shi lissafi.

Tambayoyi domin bincike

1. Waɗanne ayyuka biyu Allah ya ba Adamu cikin gona? Wanne ne ya fi wuya a garinku?
2. Faɗi tsire-tsire biyar da iyayenku suka sani waɗanda yanzu sai an yi tafiya kafin a gan su. Me ya rage su?
3. Don me Nehemiya ya nemi takarda zuwa ga Asaf? Me wannan ya koya mana sa'ad da mu ke neman azara da katakon ginin majami'a?
4. Don me dokar Nijar ta dā ta sa manoma suna tumɓuke tsiro? Me ya sāke hankalinsu?
5. Cikin roƙe-roƙe shida, wanne ekklesiyarku za ta iya kai wa dagaci ko kansila cikin wannan wata? Wa za a aika?

Abin addu'a

A gode wa Allah domin abincin da ba mu shuka ba. A roƙa wa masu mulkinmu hikima da gaskiya. A roƙa wa malaman daji amana, masu gawayi kuma wata hanyar abinci. A roƙa mana zuciyar da za ta rena itacen da ba mu za mu ci 'ya'yansa ba.